Maɓallin da Ya Cinye Bishiyoyin Gwaggo Mboja

Yayana Shaame mutum ne mai hannu, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. A ƙauyenmu da ke bayan Mtambile, in injin kwalekwale ya ƙi tashi, Shaame ake kira. In keken ɗinki ya fara tsinka zare, Shaame. Babur, janareta, famfon masallaci, duk shi ne. Sai dai Allah Ya haɗa masa wannan baiwa da wani ciwo guda: tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". Maganar nan ba ta fita daga bakinsa ko da wasa. In ya ga abu ya lalace kuwa, hannunsa ya dinga ƙaiƙayi ke nan har sai ya kwance shi, ko ya san kansa ko bai sani ba.

Yana da wata 'yar kwalba ta man kwakwa da ba ta rabuwa da aljihunsa. Ƙyaure ya yi ƙara, man kwakwa. Kwado ya cije, man kwakwa. Sarkar keke ta yi tsatsa saboda iskar teku, man kwakwa. Yakan ce duk abin da ya ƙi motsi ƙishirwa yake ji. Abin haushin shi ne sau da yawa maganin nasa yana ci, sai kan nasa ya ƙara kumbura.

Yana saurayi Baba ya kai shi Chake Chake wajen Fundi Ngwali don ya koyi gyara. Fundi Ngwali da agogo ya fara, ya koma rediyo, ya koma talabijin, da zamani ya juya ya koma waya da kwamfuta. Wata uku Shaame ya yi ya tattaro kayansa ya dawo gida yana huci.

"Baba, tsohon nan ba ya koya mini komai," in ji shi. "Noti kawai yake sa ni jerawa a kiret ɗin ƙwai. Ni kaza ce?"

Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "To, Allah Ya sa ka fi shi." Bai ƙara tayar da zancen ba.

Mu kuwa gidan kanumfari ne. Kakanmu shi ya dasa bishiyoyin tudun nan, sama da ɗari biyu, kuma kamar yadda aka saba, ƙasa ta gida ce amma kowace bishiya da mai ita. Ya dasa wa kowane ɗa nasa, ya warwatsa su nan da can yadda ƙasar ta ba shi, babu shinge, babu alama, babu takarda. Takardar tana cikin kan Babanmu, Mzee Kombo, babban ɗansa. Ƙaninsa Baffa Faki ya yi shekara talatin yana aikin tashar jirgin ruwa a Tanga, sai da ya tsufa ya dawo. Gwaggo Mboja, ƙanwar Baba kuma yayar Baffa Faki, mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya, ba ta da komai a duniya sai bishiyoyinta. Ita ce kuma ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Kai, ina ma kun ga gidanmu a kakar kanumfari a wancan lokaci! Tun da sassafe maza su hau bishiya da igiya da kwando. Da la'asar a baza babbar tabarma a tsakar gida, a juye tulin da aka tsinko, kowa ya zauna a kewaye, babba da yaro. Ka ɗauki damƙi ka goga a tafin hannu, 'ya'yan su zube gefe, tsinkayen ka wurga gefe. Gwaggo Mboja na zagayawa da butar shayi mai citta da kwanon mandazi, irin fankenmu na nan, tana zagin duk wanda ta kama yana aiki da baki ba da hannu ba. Baba na zaune a kujerarsa ta igiya, yana ba da labarin shekarar da guguwa ta kwashe rufin makaranta, labarin da muka ji ya fi sau ɗari, kuma kullum sai guguwar ta ƙara girma. Ƙamshin nan yakan shiga zani, ya shiga gashi, ya shiga har cikin shinkafa. In an shanya an auna, Baba ya ce wannan buhu na wane ne, wancan na wance, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Wallahi har yau in na ji ƙamshin ɗanyen kanumfari sai ƙwalla ta cika mini ido.

Shekarar da jikin Baba ya fara rauni, wata safiya ya kira ni.

"Riziki, wayar nan taki tana ɗaukar mutum yana tafiya yana magana?"

"Tana ɗauka, Baba."

"To ɗauko ta ki biyo ni. Kaina ya fara yoyo, gara mu juye abin da ya rage."

Muka hau tudu, shi da sandarsa, ni da waya. Kusan awa biyu muna zagaye. Kowace bishiya sai ya dafa ta kamar yana dafa kafaɗar ɗa, ya faɗi mai ita. "Wannan ta Faki ce. Wannan tawa. Waccan mai karkataccen wuya ta Mboja ce, ita ma karkatacciyar ce kamar mai ita." Ya yi dariya, ya huta, ya ci gaba. Da muka dawo wayar ta cika maƙil, sai na juye hoton a 'yar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda na saya ta hannu don rubuta jarrabawar ɗalibaina, na goge na wayar. Na ce zan sayi filashi in ƙara kwafewa. Na ce gobe, na ce jibi. Ban saya ba, kuma wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Baba ya rasu ana saura kaɗan kaka ta kama. Ba a ma share makoki sosai ba magana ta taso a kan bishiyoyi ashirin da bakwai na gangaren rafi, waɗanda suka fi kowaɗanne 'ya'ya. Baffa Faki ya ce ya tuna sarai mahaifinsu ya riƙe hannunsa ya nuna masa su. Gwaggo Mboja ta ce nata ne, da su ta ci ta sha shekara arba'in. Ni na san nata ne, da kunnena na ji Baba ya faɗa. Amma da na buɗe baki sai Baffa ya ɗaga mini hannu.

"Ke 'yar ɗakinta ce, Riziki. A bayanta kika girma. Me za ki ce in ba haka ba?"

Ban ce Baffa maƙaryaci ba ne, har ga Allah. Mutumin da ya yi shekara talatin ba ya gida, abin da ya tuna da abin da ya yi mafarki duk sun cakuɗe masa. Kuma ya yi magana ta dattako. Ya ce, "An ce Yaya ya bar magana a cikin na'ura. A tara dattawa ranar Asabar a kunna. Duk abin da ya faɗa da bakinsa, na yarda, ko da bishiya ɗaya ya bar mini." Kowa ya yi hamdala. Gwaggo ta koma gida tana murmushi, har ta fara neman masu hawa, don 'ya'yan gangaren sun fara yin ja-ja, kuma kanumfari in ya kai ba ya jiran kowa.

Ranar Laraba da la'asar ina zaune a gefen tabarma, muna gyaran ɗan abin da aka tsinko daga bishiyoyin da ba a gardama a kansu. Kwamfutar na kan cinyata, na gama rubuta tambayoyin jarrabawa na kashe. Can na tuna ban gyara wata tambaya ba, na danna maɓallin kunnawa. Shiru. Na sake dannawa. Maɓallin ya ƙi nutsewa, ya tsaya ƙiƙam, babu ɗan "ƙit" ɗin nan da yake yi.

Na shige ɗaki na kira Fundi Ngwali a waya. Muryarsa a sanyaye kamar kullum.

"Malama, kwantar da hankalinki. Sa mata caja. 'Yar fitilar gefe ta kama?"

"Ta kama, Fundi."

"Madalla, wuta na shiga ke nan, tana da rai. Cire cajar, ki danna maɓallin a hankali. Yana nutsewa ya dawo, ko a sandare yake?"

"A sandare yake."

"Ta faɗi? Ruwa ya zuba mata?"

"Ko ɗaya."

"To ba ciwon ciki ba ne, na fata ne. Me ke cikinta da ba za ki iya rasawa ba?"

Haka yake tambayar kowa kafin ya taɓa na'ura. Na gaya masa komai. Sai ya ce, "Ki naɗe ta a zani, ki kawo mini gobe da safe. Kada ki matsa maɓallin da ƙarfi, kada ki zura masa tsinke, kuma don girman Allah kada kowa ya buɗe ta. Irin waɗannan ƙananan, memorinsu a manne yake da allon ciki, ba a zare shi. In allon ya mutu, ya tafi da komai."

Washegari kuwa ina da tsaron jarrabawa har azahar, ba halin in bar makaranta. Shaame yana da babur, Chake minti arba'in ne. Da sassafe na naɗe kwamfutar a zanin Gwaggo na kai masa rumfarsa, na maimaita masa maganar Fundi kalma bayan kalma.

"Maɓalli ne kawai?" ya tambaya, yana jujjuya ƙunshin.

"Yaya, don Allah. Kai masa kawai."

"Na ji, Malama, na ji. Sai ka ce yaro ake aike."

Na tafi, amma zuciyata ba ta tafi tare da ni ba. Ana tashi daga jarrabawa na kamo hanya ko ruwa ban tsaya sha ba. Tun daga nesa na hango babur ɗinsa a jingine a gindin mangwaro, inda na bar shi da safe.

Rumfar cike take da 'yan majalisarsa, masu zaman kashe wando da ba su da aiki sai zuga. Kwamfutata na kife a kan buhu, an cire mata murfin ƙasa, cikinta a waje. An tara noti duka a ƙoƙon kwakwa, dogo da gajere a cakuɗe. Caja na jone da janareta. 'Yar kwalbar nan tana gefe a buɗe. Gwaggo Mboja ma tana nan zaune a kan kututture, ta kawo masa shayi, fuskarta cike da yarda.

"Yaya! Me ka yi?"

"Ke dalla kada ki cika mana kunne," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Na ɗiga masa mai, ya ɗan saki amma bai kama ba. Yanzu na gano kan abin. Na ga wani a waya yana yi. Maɓallin nan ba komai ba ne, ƙofa ce kawai. In ƙofa ta ƙi buɗuwa sai a bi ta taga. Wurare biyu za ka haɗa da bakin sukundireba, ta tashi da kanta."

"Waɗanne wurare biyu? Irin wannan ce ka gani a wayar?"

"Duk kwamfuta ai kwamfuta ce."

"Fundi ya ce kada a buɗe!"

Wani daga cikin 'yan majalisar ya kwashe da dariya. "Fundi wa? Tsohon nan mai kiret ɗin ƙwai? Malama, mutumin da ya tayar da injin da ya kwana uku a ƙarƙashin teku kike wa maganar maɓalli?"

"Gaya mata dai," in ji wani. "In ya kai Chake ai ya zubar mana da mutunci."

Na ga kunnuwan Shaame sun motsa, yadda suke yi in an yabe shi. Na san shi, ciki ɗaya muka fito. Daga baya shi da kansa ya gaya mini cewa a daidai lokacin ya riga ya gane ya ɓata, allon bai yi kama da wanda ya gani ba ko kaɗan. Da shi kaɗai ne da ya mayar da murfin. Amma ga mutum takwas sun zuba masa ido.

"Aƙalla ka cire caja da batir tukuna," na ce.

"In na cire wuta, da me za ta tashi? Da addu'a?"

Aka sake shewa. Gwaggo ta jawo gefen zanina. "Bar shi, 'yar nan. Shaame ne fa. Me ya taɓa gagararsa?"

Na miƙa hannu zan fizge cajar, amma ya riga ni. Ya ɗora bakin sukundireba a kan allon.

Ƙyas! Wani ɗan tartsatsi shuɗi ya yi tsalle. Siririn hayaƙi ya miƙe sama. Wani wari kamar na ƙonannen gashi ya tashi ya danne ƙamshin kanumfarin da aka shanya a bakin hanya. Na leƙa gefen kwamfutar, 'yar fitilar nan ta mutu.

Ɗaya bayan ɗaya 'yan majalisa suka tuna suna da uzuri. Wanda ya fi kowa zuga shi ya fara sulalewa, wai zai duba akuyarsa.

"Ta tashi?" Gwaggo ta tambaya, tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. "Shaame, ta tashi ko?"

Ya ajiye sukundireban a kan buhu.

A bayan babur ɗinsa muka tafi Chake, na rungume ƙunshin, ƙoƙon noti na ƙara a cikin jakata. Shagon Fundi Ngwali yana nan yadda na san shi tun ina yarinya: tsofaffin agogon bango da ba wanda ya dawo karɓa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, kiret ɗin ƙwai jere a kan kanta. Muka gaishe shi. Ya dubi Shaame ta saman tabarau, ya dubi ƙunshin.

"Shaame ɗan Kombo. Ka yi furfura."

Ya warware zanin, ya sunkuya ya shinshina kwamfutar kafin ya taɓa ta. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Ya fara zare wayar batir, ya ajiye gefe. Ya juye ƙoƙon noti, ya ware su ɗaya-ɗaya cikin ramukan kiret, dogo da dogo, gajere da gajere, bai yi gaggawa ba. Sannan ya manna gilashin nan na masu agogo a idonsa, ya daɗe yana bin allon, yana taɓa nan da can da mitarsa.

"Zo ka gani," ya ce wa Shaame. "Nan ka taɓa, ko? Wannan hanyar babbar wuta ce, wadda ke shigowa daga caja. Wannan ta kusa da ita ƙaramar hanya ce, ta masu cin wuta kaɗan. Ka haɗe su. Kamar ka juye teku a cikin kofin shayi ne." Ya matsar da tsinin matsefata kan wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai fi farcen yatsa ba. Bayansa ya kumbura, ya tsage. "Wannan shi ne memori. A nan mahaifinku yake."

"Ba a iya..." Shaame ya fara.

"Zan gwada. Zan kuma aika wa wani yarona a birnin Dar mai injin da ya fi nawa. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa ganin wanda ya tsage haka ya yi magana ba."

Na zauna a kan benci. Fundi ya juya kwamfutar, ya kwance wasu noti uku da Shaame bai ma kai gare su ba, ya ɗaga saman a hankali, ya zare 'yar siririyar wayar da ke riƙe da maɓallin. Ya tura hular maɓallin ta baya, ta faɗo a tafinsa tana naso da man kwakwa. Ya sa matsefata a ramin, ya zaro wani abu, ya ce wa Shaame ya buɗe hannu.

Tsinken kanumfari ne. Guntu, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Irin wanda muke wurgarwa gefen tabarma dubu-dubu.

"Shi ya tokare hular," in ji Fundi. Ya danna ainihin maɓallin da ke ƙasa da farcensa, muka ji ya yi "ƙit", lafiyarsa lau. "Duk kaka sai an kawo mini irin wannan uku ko huɗu daga ƙauyuka. Buroshi ne da ɗan sifirit. Minti biyar, ko kuɗi ba na karɓa."

Shaame ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Ƙaton mutum, mai 'ya'ya biyar.

"Fundi," ya ce, da ƙyar ake ji, "ban sani ba."

Shekarata talatin da takwas a lokacin, ranar na fara jin ta daga bakinsa.

Fundi ya cire gilashin daga idonsa ya goge da gefen riga. "Na sani, ɗana. Da safe ya kamata ka faɗe ta."

Ranar Asabar dattawa suka taru a tsakar gidanmu, a daidai inda ake baza tabarma. Shaame ya miƙe ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba, wannan kam na ba shi. Baffa Faki ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ikon Allah. Wata da watanni na'ura na lafiya, sai da ya rage kwana biyu a ji bakin Yaya ta ƙone? A hannun ɗan da Mboja ke kai wa shayi? Ni za a mayar yaro?"

"Baffa, wallahi tallahi..."

"Kada ka rantse mini! Kun kalla, kun ga ba ta yi muku daɗi ba, kuka ƙone ta."

Gwaggo ta miƙe tana kuka tana cewa ita Faki zai kira ɓarauniya, ita da ta wanke masa kashi yana jariri? Maganganu suka fito waɗanda ba a mayar da su ciki. Dattawa suka rasa ta cewa, suka yanke cewa kada kowa ya hau bishiyoyin gangare har sai an ji daga Dar.

Mako uku aka yi ana jira. Kanumfari kuwa in ba a tsinke shi yana ƙulle ba, sai ya buɗe ya zama fure, furen kuma ba mai sayensa. Kullum da safe in zan tafi makaranta sai na tarar da Gwaggo a bakin rafi, ta goya hannu a baya, tana kallon bishiyoyinta suna buɗewa. Ban taɓa ganin gangaren nan ya yi kyau kamar shekarar ba, kuma ban taɓa tsanar kyan wani abu kamarsa ba. Ƙudan zuma suka yi biki. Da saƙo ya zo daga Dar cewa babu abin da ya fita, furen ya riga ya rufe ƙasa.

A shekarar ba a sake baza babbar tabarma ba. Kowa ya gyara nasa a ƙofar ɗakinsa. Baffa ya kewaye sashensa da darni. Gwaggo ba ta da abin da za ta ci har wata kakar, kuma ta ce ba za ta zauna tana haɗa ido da Faki a bakin rijiya ba. 'Yarta da ke aure a tsibirin Unguja ta aiko mata da kuɗin jirgi.

Mu biyu muka raka ta tashar Mkoani. Shaame ne ya ɗauki akwatinta. Ana gab da shiga jirgi ya durƙusa a gabanta, a gaban mutane, ya ce, "Gwaggo, bishiyoyina goma sha takwas na bayan makaranta, na ba ki duka. Ki zauna, don Allah."

Ta dafa kansa. Ba ta yi fushi ba, har ta ɗan yi murmushi.

"Tashi, kana ba ni kunya. Naka naka ne, 'ya'yanka za su ci. Ni ba bishiya ce ta fi damuna ba, Shaame. So na yi in ji Yaya ya faɗi sunana a gaban Faki, sau ɗaya tak. Riziki ta ce har tsokanata ya yi a ciki, wai karkatacciya." Ta share ido da bakin mayafi. "Na so in ji wannan."

Jirgi ya yi ƙugi, ta karɓi akwatinta ta shiga. Bayan shekara biyu dattawa suka raba bishiyoyin gangare biyu tsakaninta da Baffa, don dai a huta. Ba ta zo ta gani ba. A Unguja ta rasu, a can aka binne ta, nesa da Baba da kakanmu.

Shaame ya koma wajen Fundi Ngwali yana da shekara arba'in da huɗu. Duk Talata yakan hau babur ya je ya zauna yana jera noti a kiret ɗin ƙwai, har Allah Ya karɓi ran tsohon. Yanzu shi ake kawo wa waya da kwamfuta daga ƙauyukan nan, kuma kafin ya taɓa sai ya tambayi mai ita abin da ke ciki da ba zai iya rasawa ba. In abu ya fi ƙarfinsa yakan faɗa. Mutane na yabonsa, ni ma ina yabonsa. Amma duk kaka in na zauna ni kaɗai da 'yar tabarmata ina goga kanumfari a tafin hannu, nakan yi ƙoƙarin tuno muryar Baba yana kiran sunayen bishiyoyi, kuma kowace shekara sai in ga ta ƙara nisa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iya abu goma ba ya nufin ka iya na sha ɗaya, kuma cewa "ban sani ba" ba ta rage wa gwani komai, ƙin faɗinta ne ke rushe gida. In aka ba ka amanar abin da ba naka ba, ka kai shi inda aka aike ka, kada idon 'yan kallo ya sa ka yi gwaji da abin da in ya lalace ba ka da hanyar mayarwa, don masu zuga ka su ne za su fara watsewa. Kafin ka kwance kowane abu, ka tambayi abin da ke cikinsa, ka fara duba ƙaramin dalili kafin ka nemi babba. Kai kuma mai ajiya, kada ka yi irin sakacina: abin da ba ka da na biyunsa, ka kwafe shi yau, ba gobe ba. Tafiyar minti arba'in Yayana ya ƙi yi, ga shi shekara tara ke nan gidanmu bai sake zama a kan tabarma ɗaya ba.